Analisis da dizayin na gini: daga ina ɗalibi zai kama?

Tambayar da wani ɗalibi ya turo ita ce: "Malam ina aji uku a sashen injiniyan gine-gine, ana ta koya mana analisis da dizayin amma gaskiya na kasa gane inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara, haddace lissafin kawai nake in ci jarabawa. Abokaina sun ce in daina wahalar da kaina in koyi manhajar lissafin gini irin ETABS ko STAAD.Pro tunda yanzu kwamfuta ke yin komai. Mene ne ainihin tushen abin?"

Toh ƙanena, tambayar nan taka ta min daɗi, don da yawa ba sa yin ta sai sun gama makaranta sun tsaya a gaban gini na gaske, magini ya zuba musu ido yana jiran su ce rodi nawa za a saka. Shawarar abokanka zan dawo kanta daga baya, amma tun yanzu ka sani ban yarda da ita ba a yadda suka faɗa maka.

Duk wani nauyi da ke jikin gini ƙasa yake nema, kuma sai ya isa, ko ta hanyar da ka tsara masa ko ta wadda ya fasa wa kansa. Mutum na tsaye a ɗakin sama, nauyinsa na kan dekin, dekin ya miƙa wa bim, bim ya miƙa wa ginshiƙi wato fila, fila ta sauke a fandisho, fandisho ya baza shi cikin ƙasa. Analisis shi ne ka bi hanyar nan taki-taki kana tambaya, nawa ne ya biyo ta nan, kuma me yake yi wa wannan ɓangaren, danna shi yake ko jansa yake ko lanƙwasa shi ko murɗa shi. Dizayin kuma shi ne bayan ka san adadin sai ka zaɓi abinda zai iya ɗauka, kaurin dekin nawa, faɗi da zurfin bim nawa, rodi mai kauri nawa, guda nawa, kuma a ina zai zauna. Abinda yasa suka cakuɗe maka a kai shi ne ko a wajen aiki ma a cakuɗe suke. Ba zaka iya analisis ba sai ka san nauyin shi kansa bim ɗin, ba zaka san nauyinsa ba sai ka san girmansa, girman kuwa aikin dizayin ne. Don haka da ƙiyasi ake farawa, ka ce bari in gwada mm 225 faɗi mm 450 zurfi, ka yi lissafi, in bai ɗauka ba ka ƙara ka sake zagayowa.

Nauyin nan iri-iri ne. Akwai na dindindin, wanda kuke ce ma ded lod a aji, shi ne jikin ginin kansa, kankare, bulo, filasta, tayil, rufi. Akwai mai zuwa ya tafi, laib lod, wato mutane da kujeru da kaya. Sai iska, girgizar ƙasa a inda ake yinta, turin ƙasa ko ruwa a jikin bango, har zafi da sanyi da ke sa gini ya miƙe ya tsuke. Ka riƙe a kanka cewa 1 kN, wato kilonewton da muke auna nauyi da shi, kusan kilo 100 ne, wannan kaɗai zai sa lambobin su daina zama baƙaƙe a takarda. Kankare mai rodi kubik mita ɗaya yana kai 24 zuwa 25 kN, tan biyu da rabi kenan. Kaga dekin mai kaurin mm 150 kowane murabba'in mita ɗaya nasa 3.75 kN ne tun kafin kowa ya taka shi, alhali nauyin mutane da kaya da ka'ida ke cewa a ɗauka a gidan zama 1.5 zuwa 2 kN ne kawai. Wato mafi yawan wahalar da ginin kankare ke sha ta ɗaukar kansa ce.

Kuma raina wannan nauyin na dindindin ya taɓa cin rayuka. Gadar Kwibek a Kanada, ana cikin tsara ta aka ƙara tsawon tsakiyarta daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, amma ba a koma an sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba, aka ci gaba da tsohon ƙiyasi. Ranar 29 ga Agusta 1907 ƙarafan ƙasa da ke shan danni suka lanƙwashe, gadar ta rufta tun ba a gama ta ba, ma'aikata 75 suka rasu. Zagayen nan da na ce ana yi tsakanin analisis da dizayin, shi aka tsallake.

Kayan aikin analisis na farko shi ne daidaito. Gini a tsaye yake ba ya motsi, don haka abinda ke danna ƙasa dole ya yi daidai da abinda ke tokarewa sama, na hagu ya yi daidai da na dama, kuma ƙarfin juyawa ta nan ya kashe na can. Lissafi uku kenan, kuma da su kaɗai zaka warware bim mai zaune a kan madogara biyu. Amma ka lura da wani abu. Mutum biyu in suka ɗauko dogon katako a ka, kowa a ƙarshe ɗaya, ba sai ka san komai a kansu ba ka san kowa rabi ya ɗauka. In na uku ya shiga tsakiya fa? Yanzu kam sai ka san waye ya fi tsawo, waye ya sandare wuyansa, waye ya ɗan durƙusa. Wanda ya fi sandarewa shi zai sha nauyin, wanda ya saki jiki sai ya tsira da kaɗan. Wannan shi ne bambancin ditamineit, wanda daidaito kaɗai ke warwarewa, da inditamineit, wanda sai ka san taurin sassansa, da ake ta nanata muku, kuma darasin da ke ciki babba ne: a ginin da aka haɗe sassansa, nauyi wajen mai tauri yake gudu. Ka ƙara wa fila ɗaya girma kana ganin ka taimake ta, sai ta jawo wa kanta ƙarin momen, wato ƙarfin da ke lanƙwasa ta. Kusan duk ginin kankare na gaske irin wannan ne. Hanyar rarraba momen da Hardy Cross ya fitar a 1930, wadda na san kuna ƙorafin tebur ɗinta, ba komai take koya maka ba illa wannan, kowace gaɓa ta raba abinda ya zo mata gwargwadon taurin waɗanda suka haɗu a wajen. Ka yi ta da hannu ko sau biyar ne, idonka zai buɗe.

Yanzu lanƙwasa, inda nake so ka fi daɗewa. Samu soson katifa ɗan dogo, ka zana masa layuka a tsaye a gefe da biro, tazara ɗaya, ka ɗora bakinsa biyu a kan littattafai ka danna tsakiya da yatsa. Zaka ga layukan sun matso juna ta sama, sun buɗe ta ƙasa, a tsakiyar kaurin kuma akwai inda tazarar ba ta canza ba sam. Sama ana dannawa, ƙasa ana ja, tsakiya ba ruwanta. Abin kamar wasa amma ya daɗe yana ba masana wuya, Galileo ya yi nazarin katakon da aka kafe a bango a 1638 kuma bai dace da yadda ƙarfin ke rarrabuwa a cikinsa ba, sai a 1826 Navier ya tsara lissafin a yadda muke amfani da shi, bisa dokar Hooke ta 1678 da ke cewa miƙewar abu gwargwadon jan da aka yi masa ce.

Kankare gwani ne wajen jure danni, amma wajen ja rago ne, abinda yake iya jurewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na danni ba, shi yasa a lissafin ƙarfi muke ɗauka kamar ba ya jure ja ko kaɗan. Rodi shi ke karɓar jan. An yi sa'a kuma su biyun zafi na miƙar da su kusan daidai da juna, shi yasa suke zama lafiya shekara da shekaru. Saboda haka ka'idar a taƙaice ita ce duk inda ja yake nan rodi zai je. Bim mai madogara biyu, jan na ƙasa a tsakiya, rodi a ƙasa. Bim da ya ratsa ta kan fila ya wuce, a daidai kan filar baya yake gantsarewa, jan ya koma sama, rodi a sama. Baranda mai fitowa waje ba abin tokare, wato kantiliba, jan gaba ɗaya a sama yake, kuma ya fi tsanani a gindinta inda ta manne da gini.

Wannan na baranda na gan shi da idona kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na je duba wani aiki da safe ana shirin zuba kankare, zane ya nuna rodin baranda a sama, mai ɗaurin rodi ma a sama ya ɗaura shi, amma kujerun ƙarfen da ke riƙe shi ƙanana ne kuma an yi musu nisa, leburori na ta bi ta kai da kwanon kankare, kowa ya taka sai ya lotsa. Na sa tef na auna, rodin da ya kamata ya kasance mm 25 daga saman dekin ya sauka har ƙasa da tsakiyar kaurin. Adadin rodin daidai, kaurinsa daidai, amma a inda ya koma kusan ba shi da amfani. Da an zuba a haka ba wanda zai gani, sai ranar da aka cire katakon tokare ko ranar da mutane suka taru a kai. Na tsayar da aikin, aka ɗago shi aka ƙara kujeru, aka shimfiɗa katako na bi. An ji haushina a ranar, ban damu ba.

Zurfin bim ya fi faɗinsa muhimmanci nesa ba kusa ba. Ɗauki katako mai 50 da 150, ka kwantar da shi ka taka, zai lotsa. Ka kafa shi a kan gefensa ka taka, kamar ba ka hau ba. Katako ɗaya ne, amma a tsaye taurinsa ya ninka sau 9, ƙarfinsa sau 3, saboda a lissafin tauri na bh³/12, inda b faɗi ne h kuma zurfi, zurfin sau uku ake ninka shi da kansa, faɗin kuwa sau ɗaya tak. Don haka in mai zanen gida ya ce ka rage zurfin bim don kar ya fito a silin, ka san abinda ake nema ka sadaukar.

Bari mu yi lissafi ɗaya tare don ka ga inda analisis ya ƙare dizayin ya karɓa. Bim ne mai tsawon mita 5 a kan madogara biyu, yana ɗauke da dekin mai faɗin mita 3, ba bango a kansa. Dekin 3.75, mu ƙara 1.25 na tayil da simintin ƙarƙashinsa da filastar silin, ya zama 5 kN a murabba'in mita. Laib lod mu ɗauki 2. A tsarin Eurocode, wato ka'idar gini ta Turai, ana ninka na dindindin da 1.35, mai zuwa ya tafi da 1.5, kaga 6.75 da 3, jimla 9.75. Sau mita 3 ya ba mu 29.25 kN a kowace mita ta bim, mu ƙara nauyin bim ɗin kansa ya kai wajen 32. Momen a tsakiya wL²/8 ne, w nauyin kowace mita L kuma tsawon bim, 32 sau 25 raba 8, ya ba mu 100 kNm. Shiya, wato ƙarfin da ke neman yanke bim, a kowane ƙarshe rabin jimlar nauyin ne, 80 kN. Nan analisis ya tsaya. Dizayin sai ya ce toh, bim 225 da 450, in ka cire kaurin kankaren da ke rufe rodi da ringi, wato ƙaramin rodin da ke kewaye manyan, zurfin da ke aiki wajen 400 ne, tazarar da ke tsakanin danni na sama da ja na ƙasa kusan 0.9 na wannan, 360 kenan. Rodi mai ƙarfin 500 N/mm², ka rage shi zuwa 0.87 nasa. Ka raba momen ɗin, wanda a Nmm miliyan 100 ne, da 0.87 sau 500 sau 360, zaka samu kusan 640 mm² na ƙarfe. Y16, wato rodi mai kaurin mm 16, ɗaya 201 mm² ne, guda uku 603 bai kai ba, guda huɗu 804 ya wadatar. Shi kenan ka yi dizayin ɗin lanƙwasa.

Amma duba abubuwa biyu a cikin lissafin nan. In wani a wajen aiki ya ce ai Y12 ma rodi ne, bambancin mm 4 ne kawai, a saka guda huɗu, toh Y12 ɗaya 113 ne, huɗu 452, an gaza abinda ake buƙata da kusan kashi 30 cikin 100. Na biyu, in aka matsar da fila tsawon ya koma mita 6 maimakon 5, kai kana ganin mita ɗaya ce, amma momen ya ƙaru da kashi 44 cikin 100, lotsawa kuma ta ninka fiye da sau biyu tunda ita da L⁴ take tafiya. In kuma daga baya aka ɗora bangon bulo mai kaurin 225 a kan bim ɗin, wannan kaɗai na iya ƙara wajen 10 kN a kowace mita, ya danganta da bulon da tsayin bangon.

Shiya kuma ita ce mai neman yanke bim kusa da madogara, tsagewarta a karkace take zuwa, kamar kwana 45. Ringi ke riƙe ta, shi yasa zaka ga a zane an matse ringi kusa da fila an sassauta a tsakiya. Masu aiki da yawa na ɗaukar ringi a matsayin abin riƙe rodi kawai kafin a zuba kankare, sai su buɗa tazararsa yadda suka ga dama. Ni karyewar shiya ta fi ban tsoro a kan ta lanƙwasa, don ba ta sallama, farat ɗaya take zuwa.

Wannan ya kawo mu kan wani abu da ɗalibai ke mamaki in sun ji: yawan rodi fiye da kima ma matsala ne. Muna so in har bim zai gaza, rodi ya fara miƙewa tukun, bim ya lotsa, tsaga ta buɗe kowa ya gani a fita. In ka cika rodi, kankaren sama ne zai fara farfashewa, shi kuwa ba ya gargaɗi. Ga kuma cunkoso, tsakuwa ta kasa wucewa tsakanin rodi, a cire katako a tarar da ramuka kamar saƙar zuma.

Fila nata labarin daban ne. Gajera mai kauri sai an murƙushe ta take gazawa, amma doguwa siririya tun kafin nan sai ta gantsare gefe. Kafa rular roba a tebur ka danna da tafin hannu ka gani, ba karyewa take ba, baya take turowa. Euler ya fitar da lissafin tun 1744, kuma abinda zaka riƙe shi ne da tsawon ake rabawa kuma an ninka shi da kansa, in tsawo ya ninka biyu abinda fila ke iya ɗauka kafin ta gantsare ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi yasa filar da ta wuce hawa biyu ba bim da ya riƙe ta a tsakiya, kamar a babban zaure, ba a ba ta girman sauran.

Su kuma lambobin 1.35 da 1.5 ɗin nan, ana saka su ne saboda ba wanda ya san nauyi daidai wa daida, kuma kankaren da aka kwaɓa a wajen aiki ba zai zama kamar na ɗakin gwaji ba. Don haka ana ƙara wa nauyi, ana kuma rage wa kayan gini, kankare a raba da 1.5, rodi da 1.15, daga nan ne 0.87 ɗin ya fito. Tsohuwar ka'idar Ingila BS 8110 na amfani da 1.4 da 1.6, tsarin Amurka da ake bi da ACI 318 kuma 1.2 da 1.6. Ingila ta janye BS 8110 a 2010 ta koma Eurocode 2, duk da har yanzu ofisoshi da yawa a ƙasashe daban-daban da shi suke aiki. Ka koyi ɗaya da kyau, kuma kar ka taɓa ɗauko fakto daga wannan ka haɗa da fomula daga wancan, kowanne an daidaita lambobinsa ne da junansu. Kuma wannan rarar ba kyauta ba ce da za a ce ai injiniyoyi na ƙarawa, bari mu ɗora hawa ɗaya. Kantin Sampoong a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, dekinsa a kan fila yake kai tsaye ba bim, aka ƙara hawa na biyar, aka ɗora manyan injinan sanyaya ɗaki a rufi, ranar 29 ga Yuni 1995 filoli suka huda dekin ya rufto hawa bayan hawa, mutum 502 suka mutu.

Bayan ka tabbatar ba zai faɗi ba, saura ka tabbatar zai yi daɗin zama. Dekin na iya zama da ƙarfi amma ya lotsa har tayil ya fashe, ƙofa ta ƙi rufuwa, bangon da ke kansa ya tsage. Iyakar da aka saba ita ce lotsawa kar ta wuce tsawo raba 250, mm 20 kenan a mita 5. A BS 8110 akwai ƙiyasin farko mai sauƙi na tsawo raba zurfi, 7 ga kantiliba, 20 ga mai madogara biyu, 26 ga mai ratsawa, kafin a yi masa gyare-gyare. A dekin sau da yawa wannan ne ke yanke kauri, ba ƙarfi ba.

Inda na fi so ka sa ido bayan lanƙwasa shi ne mahaɗa, wajen da wani sashe ke miƙa wa wani nauyi. A otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka akwai gadojin tafiya biyu a rataye, ta hawa na huɗu a saman ta hawa na biyu. A zanen farko sandar ƙarfe ɗaya ce doguwa ta sauko daga rufi ta ratsa ta sama ta kai ga ta ƙasa, kowace gada na zaune a kan nata noti. Wajen ƙira aka ga hakan zai yi wuyar haɗawa, aka raba sandar biyu, ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A takarda kamar ba abinda ya canza. Amma ka ɗauka guga biyu ne cike da ruwa, da farko kowanne an ɗaure shi a jikin igiya da nasa ƙulli, yanzu kuma an rataye na ƙasa a jikin na sama, kaga ƙullin na sama ya koma ɗaukar guga biyu. Haka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka biyu, alhali binciken da aka yi daga baya ya nuna ko tsarin farkon ma bai cika ka'ida ba. Ranar 17 ga Yuli 1981 mutane sun cika wajen, notin ya ɓarke ta cikin ƙarfen, gadojin suka faɗo, mutum 114 suka rasu. Lissafin da zai tona wannan bai fi na minti biyar ba, zanen nauyi ne na aji ɗaya, wani ne kawai bai tsaya ya tambayi ta ina nauyin gadar ƙasa zai bi yanzu ba. A kankare irin wannan shi ne tsawon da rodi ke shiga cikin fila, da tsawon haɗin rodi da rodi, wanda a ƙiyasi yake kai sau 40 zuwa 50 na kaurinsa, da kuma biskit ɗin da ke ɗaga rodi daga katako don kankare ya lulluɓe shi. In lulluɓin nan ya yi kaɗan damshi zai kai ga rodi, tsatsa ta kumbura ta ɓamɓare kankaren.

Ƙarshen hanyar ita ce ƙasa, kuma ita kaɗai ce ba kai ka ƙera ta ba, sai dai ka gwada ta. Fila mai sauke 450 kN a ƙasar da ke jure 150 kN a murabba'in mita na buƙatar gindi mai murabba'in mita 3, wajen 1.75 kowane gefe. In ƙasar 75 take jurewa sai murabba'in mita 6. Gini ɗaya, zane ɗaya, fandisho daban, shi yasa kwafo zanen wani fili a kai wani fili ganganci ne. Kuma nutsewar gini gaba ɗaya daidai da daidai ba ta cika ɓarna ba, wadda ke tsaga bango ita ce gefe ɗaya ya fi ɗaya nutsewa, irin abinda ya karkatar da hasumiyar Pisa a Italiya tun ana cikin gininta bayan an fara a 1173.

Toh mu dawo kan abokanka. Ka koyi manhaja, dole ne ma, ba wanda zai yi maka bene mai hawa 20 da iska da girgizar ƙasa da hannu a yau. Amma manhaja abinda ka faɗa mata take warwarewa, ba ta san ginin da ke ranka ba. Wani matashin injiniya ya taɓa kawo min sakamakon bene mai hawa uku, komai kore a manhajar, ko fila ɗaya ba ta nuna jan launi na gazawa ba, yana ta murna. Na ɗauki takarda na ninka faɗin kowane hawa da ƙiyasin nauyi na ƙara bango, na kwatanta da jimlar abinda manhajar ta ce yana sauka a fandisho, sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku babu shi. Muka bi a hankali, ashe nauyin bangon bulo ne gaba ɗaya bai shigar ba. Yaron na da ƙoƙari sosai, kawai ba a taɓa nuna masa ya tambayi sakamakon ba. Tun daga ranar kafin ya buɗe shafin rodi sai ya duba jimlar nauyi, ya duba hoton yadda ginin ya lotsa ko ya yi kama da hankali, ya ɗauki bim ɗaya ya gwada da wL²/8.

Abinda zan ba ka ka yi a satin nan shi ne, ɗakin da kake zaune in na bene ne, ɗaga kai ka nemo bim da fila, ka zana su a takarda ka ja kibiya daga dekin har ƙasa. Sannan ka ɗauki dekin ɗaya, bim ɗaya, fila ɗaya da gindinta ka yi su da hannu tun daga nauyi har rodi, ka zana inda kowane rodi zai zauna da inda zai ƙare. Bayan nan ka shigar da su manhaja ka kwatanta. In bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100 kar ka wuce sai ka gano dalili, kuma ka fara dubawa daga ƙarshen bim ɗin, don sau da yawa kai ka ɗauka a zaune kawai yake a kan fila yana iya juyawa, ita kuma manhajar ta ɗauka a kafe yake.